Mota Ba Direba: Yadda Za Ka Samo 'Yan Mutanen Rezin Ka Yi Musu Fenti a Legas

Ina da wata 'yar Fijo 504 ta ƙarfe, ma'aunin 1:24, da ta daɗe a kan kanta a ɗakina na Agege. Saboda mahaifinmu na saye ta, don irinta ya riƙa ja, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan kamfanin ya fara aiki a 1975. Wata rana ɗan yayata ya zo hutu, ya ɗaga ta ya leƙa ta taga, ya ce, "Kawu, ina direban ya je?" Na ce masallaci ya tafi. Ya yi dariya ya wuce, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Ba a yi sati biyu ba na yi odar mutum-mutumina na farko a intanet. Da ya iso sai ga Bature ja wur da rigar sanyi, kuma da na tsayar da shi a gefen motar, rufinta a ƙugunsa ya tsaya. Motar da jiya take kamar a hau a tayar, yau ta koma kayan wasan yara.

Ido ba ya gane girman mota sai ya ga mutum a kusa da ita. Shi ya sa ɗan mutumin nan da bai kai tsawon yatsa ba yake iya ɗaga motar ko ya zubar mata da mutunci. A nan Legas kuma akwai ƙarin aiki biyu: yawancin waɗanda ake sayarwa siffar Turawa da mutanen Asiya gare su, sai ka mayar da su namu da hannunka, sannan ga danshin garin nan da ba ya shiri da fenti.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, tunda mu da mu ne. Batun sura mai jiki malamai sun yi bayani a kai, sai ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Ina da aboki a Idi-Araba da ba ya sa mutum ko ɗaya a aikinsa. Tayoyi ne da jarkoki da benci da baro, kuma garejin nasa ya fi nawa kama da gareji. Duk abin da zan faɗa kan wanki da shimfiɗa da fenti yana aiki a kan waɗannan ma.

Fara da ma'auni, kada ka fara da kasuwa

Juya motarka ka duba cikinta. Galibi ana rubuta ma'aunin a can: 1:18, 1:24, 1:43 ko 1:64. Ma'anar 1:24 ita ce an rage ainihin motar sau 24. Lissafin mutum ma haka yake. Namiji mai tsawon santimita 175, in ka raba da 18 za ka samu santimita 9.7; da 24, santimita 7.3, da 43, santimita 4, da 64, santimita 2.7. Rubuta lambar taka a takarda ka ajiye, don ita za ka tambayi mai sayarwa, ba abin da ya rubuta a kan talla ba. Wanda ya sayar mini da Baturen nan 1:24 ya rubuta, alhali abin nasa ya doshi santimita goma.

Masu tara Hot Wheels da Matchbox su ƙara lura. Ana kiransu 1:64, amma kamfanonin suna yin motocin ne su shiga kwali iri ɗaya, tsawon kusan inci uku, sai ka ga babbar mota da ƙarama duk tsawonsu ɗaya. A nan rufin mota ne alƙali. Motar gida irin 504 ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, rufinta a wajajen kafaɗar namiji yake tsayawa. Danfo kuwa ta kusa mita biyu, ta fi kwandastanta tsawo. Yanka takarda daidai tsawon mutumin da kake so, tsayar da ita a jikin motar, ka ja da baya ka kalla.

Inda ake samu

Rezin wani ruwa ne mai kauri da yake daskarewa ya zama kamar roba mai tauri. Ya fi robar kayan wasa fitar da ƙananan abubuwa, irin lanƙwasar riga da yatsu, amma yana karyewa in ya faɗi. Iri biyu za ka ci karo da su: wanda aka zuba a cikin mazubi ya daskare, da wanda injin ɗab'i na 3D ya fitar, yana busar da shi da haske.

Hanya mafi sauƙi ita ce AliExpress, eBay ko Etsy. Kamfanin American Diorama na yin mutane na 1:18, 1:24, 1:43 da 1:64, galibi da fentinsu. Ana iya sake fenta su. Master Box na Yukren da Fujimi da Tamiya na Japan suna da mutanen 1:24, direbobi da makanikai, sai dai su na roba ne ba rezin ba, amma hanyar fentin ɗaya ce. Nemi wanda ba a fenta ba, ya fi arha kuma ba sai ka kankare aikin wani ba. Kada ka yarda da hoton kwamfuta mai sheƙi. Duba hotunan da masu saye suka ɗora. Fuska da hannu za ka kalla: in yatsun sun haɗe kamar cokali, hancin ya narke, to jabu ne da aka kwafo daga jikin na asali, kuma irinsu kan ɗan tsuke su gaza ma'auni. In kana da ɗan'uwa ɗan kasuwa a Alaba ko Computer Village da ke shigo da kaya daga Guangzhou, roƙe shi a sa maka a cikin kayansa. Kuma ka yi odar biyu, don hannu ko wuya na iya karyewa a hanya.

Ni dai yanzu hanya ta biyu na fi bi. Ka sayi zanen mutumin a shafin intanet na Cults3D ko MyMiniFactory, fayil ne da ake kira STL, ka kai wa mai injin 3D a nan Legas ya fitar maka. Ka tabbatar injin nasa na rezin ne, irin Elegoo ko Anycubic, ba mai narka zaren roba ba, don wancan yana barin layuka a fuska kamar tsagar gado. Ka ce ya sa kaurin layi 0.05 na milimita ko ƙasa da haka. Daɗin wannan hanya shi ne kai ke yanke girma. In zanen na 1:35 ne kana son 1:24, raba 35 da 24, ka ce ya ƙara shi zuwa kashi 146 cikin ɗari. Daga 1:24 zuwa 1:18, kashi 133.

Shagunan kayan zane na wajajen Yaba, inda ɗaliban zanen gini ke sayayya, akan dace da 'yan mutanen roba na 1:25 ko 1:50. Ba su da fuskar kirki, amma sun isa koyon hannu da cika bayan tasha.

Wanki da gyaran jiki

Kowa yana ɗokin ya kai ga fenti, nan ne kuma ake yin ɓarna. Rezin na mazubi yana zuwa da maiƙon da aka shafa don kada ya manne, fenti ba ya kama shi. Zuba ruwa mai ɗumi a kofi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka goge shi da tsohon buroshin goge baki, ka ɗauraye, ka bar shi ya kwana. Na injin 3D kuwa, taɓa shi ka ji. In yana danƙo ko yana wari, bai gama bushewa ba: sa safar hannu, wanke shi da sinadarin IPA da masu gyaran waya ke amfani da shi, akwai shi a Computer Village, sannan ka shanya shi a rana na 'yan mintoci kana juyawa. Ɗanyen rezin yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kada ka bari ya zauna a fatarka. Tunda ka je Ikeja, inda Computer Village take, sayo hantsaki da fitila mai madubin ƙara girma a wurin masu kayan gyaran waya.

Sai ka bi jikin da sabuwar reza ka kankare layin mazubi da guntayen sandunan da injin ya kafa. Kada ka ɓalle su da hannu, suna tafiya da nama. Bi da sanfefa mai lamba 400, sannan 600 ko 1000, kuma ka jiƙa ta da ruwa. Ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce. Sa takunkumi, ka yi aikin a waje, ba a ɗakin da yara ke kwana ba. Ƙananan ramukan iska kuwa, ɗiga musu sufa gulu da bakin tsinken sakace, in ya bushe ka goge. In hannu ko ƙafa ta lanƙwashe a rezin na mazubi, tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, miƙar da ita a hankali, ka tsoma a ruwan sanyi ta tsaya.

Gam ɗin haɗa motocin roba ba ya kama rezin, sufa gulu ne maganinsa. Huda tafin ƙafa ɗaya da siririn abin huji, ka cusa guntun wayar maƙale takarda da gam. Wayar nan ita ce mariƙinka lokacin fenti, ka soke ta a toshiyar kwalba ko guntun soso mai tauri, ita ce kuma za ta kafa shi a ƙasa daga baya. Daga nan yatsanka ya daina taɓa jikinsa.

Mayar da shi namu

Wannan shi ne wurin da na fi jin daɗi. Milliput ƙulli ne kala biyu, kana gutsuro daidai wa daida ka murje su har launin ya zama ɗaya, bayan awa uku zuwa huɗu ya zama dutse. In babu shi, ƙullin liƙe fayif da lagireto da ake samu a shagon kayan famfo zai yi, sai dai yana kamawa cikin mintoci, ka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Da shi ake yin hula. Goge gashin Baturen da sanfefa har kan ya zama sumul, ɗora ɗan dunƙule, daidaita gefensa da jiƙaƙƙen tsinke. Hular da ta kai santimita 10 a kan mutum, milimita 4 ce kacal a 1:24. Ta farko da na yi sai ta fito kamar tukunya. Ɗan karkata ta gaba ko gefe yadda samarin Obalende ke yi, nan take mutum ya samu hali.

Kaftani, zani da mayafi kuwa ba sa buƙatar ƙulli. Takardar goge hannu marar zane, ka raba ta falle ɗaya, ka yanka, ka ɗora a jiki, ka shafa mata farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa. Tana jiƙa za ta kwanta ta yi lanƙwasa irin ta yadi, sai ka gyara da buroshi. In ta bushe ta yi tauri, ka sake shafawa sau ɗaya. Da haka mai rigar kwat ya koma alhaji, wanda ya durƙusa da sifana ya koma mai faci.

Shimfiɗa, da rigimar danshi

Ba a zuba launi a kan rezin tsirara. Sai an fara da fentin shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira faraima. Mai ruwan toka ya fi dacewa da kowane aiki, kuma yana tona duk wani ƙarce da ka manta. Tamiya, Vallejo da Mr. Surfacer an yi su ne don wannan sana'a. In ba su samu ba, na gwangwanin fesa mota da ke Ladipo, kasuwar kayan mota, zai yi, rezin yana jure shi, sai dai yana da kauri. Wani dattijo mai fentin mota a Mushin ya taɓa ganina ina fesawa, ya karɓi gwangwanin ya ce, "Yaro, ba wanka za ka yi masa ba." Na ce, "To Baba, yaya ake yi?" Ya girgiza gwangwanin har na gaji da jira, ya ja da baya kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, ya fara fesawa a iska kafin hannunsa ya iso kan abin, ya wuce shi sannan ya saki. Sau biyu ya yi haka ya miƙo mini. Ka girgiza minti biyu, tazara santimita 20 zuwa 30, wucewa biyu ko uku marasa nauyi.

Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar Legas cike take da ruwa. Feshi a irin wannan rana yakan fito da gari-gari ko ya ƙi bushewa. Jira ranar da rana ta buɗe, ka fesa da hantsi zuwa azahar, kada ka yi da asuba ko bayan an ɗauke ruwa. Lokacin hunturu feshi yana kyau, amma ƙura ce abokiyar gaba, don haka ka kife roba a kansa da zarar ka gama. In damina ta hana ka sakat, sayi faraimar da ake shafawa da buroshi ka huta. Ko wace ka yi, ba shi kwana guda.

Fenti

Akirilik za ka nema, mai narkewa da ruwa. Vallejo da AK Interactive na Sifen, ko Citadel na Ingila, garinsu ya fi laushi; na tub da ke shagunan Yaba ma yana yi in ka sirka shi da kyau ka ƙara haƙuri. Launi kaɗan ya isa: fari, baƙi, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan ƙasa mai ja. Buroshi lamba 1 mai tsini shi ne na aiki, lamba 0 na fuska. Mai gashi uku da ake ruɗar sababbi da shi, fenti yana bushewa a bakinsa kafin ya kai jiki.

Samu murfin roba, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso ko takardar goge hannu, ɗora takardar gashin kek a sama, a kanta za ka riƙa kwaɓawa. Fentin zai daɗe bai bushe ba ko da fanka na kaɗawa. Sirka shi ya yi ruwa kamar madarar shayi. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare har ranka ya ɓaci, kada ka ƙara kauri, bari ya bushe ka sake, na uku zai rufe. Fara daga ciki zuwa waje, yadda mutum ke sa kaya: fata, riga, sannan hula da takalmi.

Fatar baƙin mutum ita ce inda kwalaben da aka rubuta wa "launin fata" ba za su taimake ka ba, don yawancinsu ruwan hoda ne. Kuma kada ka ɗauki baƙin fenti. Babu mutumin da yake baƙi kamar taya. Je Mile 12 da rana ka kalli masu sauke buhunan albasa. Goshi da karan hanci da kumatu suna ɗaukar haske su yi ja-ja kamar makuba, ƙarƙashin haɓa da kwarmin ido suna yin duhu mai shuɗi-shuɗi. Abin da za ka kwaikwaya ke nan. Kwaɓa ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon ja, ka shafe fatar duka. Ɗebi kaɗan daga ciki ka ƙara masa shuɗi, ka sirka sosai, ka sa a kwarmin ido, gefen hanci, ƙarƙashin leɓe, wuya da tsakanin yatsu. Sai ka ɗebi wani ka ƙara masa ruwan goro ko rawaya, ka taɓa goshi, hanci, saman kumatu, haɓa da gaɓoɓin yatsu. Sake ƙara rawaya kaɗan, ka taɓa wuri mafi ƙanƙanta a cikin inda ka taɓa. Kada ka haskaka da fari. Na gwada, direbana ya fito fururu kamar wanda hunturu ya kama bai shafa mai ba. Mai wankan tarwaɗa kuwa, ka fara da ruwan ƙasa mai ja, inuwarsa ta zama mai duhun nan. Tafin hannu ya fi bayansa haske, ƙaramin abu ne amma duk wanda ya gani zai san ɗan gida ne ya yi aikin.

Ido yana kashe aiki fiye da komai. A 1:64 da 1:43 kada ka zana shi sam, inuwar kwarmi ta wadatar. Mutumin da ke tsallaken titi ma ba ka ganin farin idonsa. A 1:24 siririn layi mai duhu. A 1:18 ne kawai za ka sa fari, shi ma wanda aka kashe da ruwan ƙasa, ɗigon baƙin ya taɓa fatar ido ta sama. In ya tsaya a tsakiya fari ya kewaye shi, mutumin zai zama kamar direban da ya ga jami'in hanya na LASTMA a madubi.

Farin kaftani ba da fari ake fara shi ba. Shafa ruwan toka mai haske ko ruwan madara, ka bar shi a cikin lanƙwasa, farin gaske a kafaɗa da saman ninki kawai. Baƙin wando ma ka fara da toka mai duhu. Rawaya ba ta rufe duhu, in za ka yi rigar jami'in hanya ko ka fenta wata Volkswagen ta zama danfo, sai ka sa fari a ƙasa tukuna. Aikin hula kuwa ɗige-ɗige ne da bakin tsinke, launi biyu sun isa, ido zai cika sauran. Makanike ba ya zama da tsabta: sirka baƙi da ruwan ƙasa su zama kamar ruwan shayi, ka bi gwiwa da aljihu da bakin hannun riga. Ƙafa kuma, goge buroshi a takarda har ya kusa bushewa, ka shafa jar ƙasa a silifas da ƙasan wando.

Rufi da zaunarwa

Akirilik yana gogewa da taɓawa, sai an rufe shi da banish marar launi. Marar sheƙi a kan kaya, mai ɗan sheƙi a kan fata da shadda da takalmin fata, don baƙar fata in ta rasa ɗan maiƙon nan sai ta yi kamar gawayi. Ni da buroshi nake shafawa. Banish na feshi a ranar danshi yana yin fari kamar an barbaɗa gishiri, aikin sati guda ya tafi a minti ɗaya.

Direba mai zama da wuya ya shiga mota lafiya, don kujerun ƙananan motoci sun fi na gaske tudu. Kwance kusoshin da ke ƙarƙashin motar ka ciro kujerun, ka gwada shi tun kafin fenti. In kai ya tokari rufi, goge mazaunansa da sanfefa. In ƙafa ta hana, yanke ta daga gwiwa, ba mai leƙa ƙarƙashin sitiyari. Na 504 ɗina ba shi da ƙafa ko ɗaya. A cikin mota kada ka kusanto da sufa gulu, tururinsa yana sa gilashi ya yi fari kuma da wuya ya fita. Ɗigon farin gam na kafinta ya isa, in ka so cirewa ma zai ɓanɓaru. Masu tsayuwa kuwa, huda katakon da ka ɗora motar a kai ka cusa wayar ƙafar, ka duba ta gefe ka tabbatar tafin ya taka ƙasa sosai. Ka sa kowa yana yin wani abu da motar, wannan ya jingina da ƙofa, wancan ya leƙa inji, kada su jeru suna kallonka.

Ajiye su nesa da taga, rana tana kashe launi tana kuma sa rezin na injin 3D ya ƙara gautsi. Akwatin gilashi ko roba mai murfi zai tare ƙura, ka jefa 'yan ƙullin shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi guda biyu a kusurwa, ka riƙa canza su in damina ta yi nisa.